Gwiwa da Buhun Wake

Ranar farko da ofis ya tura ni Deba
na tafi da takarda shafi bakwai,
rubutun kwana uku, ko ɗigo ban bari ba.
Manoma arba'in a gindin durumi,
wasu kan benci, wasu kan takalmansu,
ni a tsaye, gwiwata na kaɗa ganga
babu makaɗi.

Na yi sallama, murya ta maƙale
kamar ƙayar kifin Dadin Kowa.
Na sunkuya ina karatu,
ina ba takarda labarin ƙwaron wake,
ita da ta riga ta sani.
Da na ɗago, rabi sun tafi La'asar
tun ladan bai yi alwala ba.
Na gaba-gaba yana gyaran sarƙar kekensa.

A motar komawa Gombe
na zauna kusa da Goggo Dijatu Manga,
mai awo a Tudun Hatsi shekara talatin.
Ta dubi idona ta ce, "Ɗan nan, wa ya rasu?"
Na ce, "Bakina."
Ta yi dariya har ɗankwali ya zame.

"Kai da ka je tallan magana,
ka buɗe buhun sun gani?
Ni ban taɓa rantse wa mai saye ba.
Nakan ɗebo masa a tafin hannu,
in ja bakina, ya tauna da kansa.
Kuma daina kallon taro, taro ba shi da ido.
Nemi mutum ɗaya ka yi da shi,
in ya gyaɗa kai, ka matsa ga maƙwabcinsa."

Mako biyu ina koya wa awakin gidanmu
yadda ake matse iska daga leda.
Ƙanwata Hanne na leƙe ta taga
tana ƙirga sau nawa na ce "wato".
Daren farko, sittin da ɗaya.
Daren ƙarshe, tara. Ta ce da saura.

Na koma Deba da buhu biyu bayan babur.
Takardar na bar wa mai ƙosai a tasha,
a ciki ta ƙunsa mini na ɗari biyu.

Gwiwa ta soma gangarta kamar wancan karo,
na ƙyale ta.
Na nemi mutum ɗaya: mai keken nan,
Malam Buba Siddi, hula a karkace.
Na ce, "Baba, bara mudu nawa ƙwaro ya ci maka?"
Ya ajiye sifana. "Mudu? Ka ce buhu."
Wuri ya ɗauki gunaguni, kowa da lissafinsa.
Na yi shiru na jira.
Ashe shiru ma yana da aikinsa a tsakiyar zance,
sai ran nan na sani.

Na kwance buhun farko: gari, huji, ƙwari na tashi.
Na kwance na biyu, leda cikin leda cikin buhu,
wata biyar a ɗakin ajiya, ba magani ko kaɗan.
Na ɗebo a tafin hannu na miƙa.
Wani tsoho ya tauna, ya dubi ganyen durumi,
ya ce, "Sake ɗaurewa mu gani."
Na ce, "A'a Baba, zo ka ɗaure, ni in gani."
Ya ɗaure a karkace, aka kwashe da dariya,
ya kwance, ya sake, wani ya karɓa,
wani yana gyara wa wani riƙon igiya,
ni na koma gefe kamar baƙo a taron kaina,
har aka kira La'asar a kan lokacinta
muka tashi tare.

Washegari na biya Tudun Hatsi da labari.
Tana tsakiyar ciniki, ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, "Gwiwar fa?"
Na ce, "Tana nan tana rawarta."
Ta ce, "Tawa ma, kowace safiya, shekara talatin.
Miƙo mini mudun can."