Zauren Mai Dashe

Ni ne Bappayo, mai dashe a Dadin Kowa,
bakin hanyar da ke gangarawa dam.
Mangwaro, gwaiba, kashu, lemun tsami,
kowanne a baƙar leda, ƙafa a ɗaure,
yana jiran ƙasar da zai yi wa tsayuwa.

Sa'adu ɗan ƙanwata ya buɗa mini zaure a waya.
Ya ce, "Kawu, kasuwar yanzu a aljihu take ci."
Mutum sha tara ya zuba:
dangi, surukai biyu,
da wani da nake bi bashi tun bara,
wanda ya fice kafin in gama gaisuwa.

Kullum da asuba in ɗora hoto, in rubuta farashi.
Shiru.
In yi ragi. Shiru.
Kamar mai talla a kufai.
Data na zurarewa kamar ruwa a rariya.
Sa'adu ya ce a sayi mabiya, dubu kan kuɗin kwanon taki uku.
Na ce dubun da ba ya amsa sallama,
ai gara akuyata, ita in na kira tana waiwayowa.

Sai ganyen lemona ya nannaɗe,
leda tamanin cikin kwana uku.
Ban san abin da ya ja hannuna ba,
na ɗauki hoton asarar yadda take, ba kwalliya,
na ce, "Jama'a, wa ya san wannan cuta?
Jiya ni mai sayarwa ne, yau ina neman koyarwa."

Ishaya na Billiri ya fara, saƙon murya, minti huɗu,
rabi labarin kakarsa, rabi ruwan darbejiya.
Goggo Yelwa ta Bolari ta ce sam, toka ake barbaɗawa.
Suka yi ta ja har bayan lisha.
Wani ya jawo ƙaninsa malamin gona,
wata ta jawo maƙwabciyarta don dai ta sha kallo.
Na kwanta da asara,
na tashi zaure yana cikowa.

Ba kullum ake lasar zuma ba.
Talatuwa ta Tumfure ta ɗora hoton busasshen tsinke:
"Ga mangwaron Bappayo, wata biyu."
Yatsana ya daɗe a kan wurin sharewa.
Sai na tuna, wanda aka toshe wa baki a zaure
a bakin rijiya yake ƙarasa zancensa.
Na rubuta, "Laifina ne. Saiwa ba ta kama ba na sayar."
Na ba yaron mota wani dashen, ya kai mata har ƙofa.
Ranar mutum shida suka saya,
ni kuwa ko sau ɗaya ban ce a saya ba,
kunya ce ma ta hana ni cewa.

Mun sa doka biyu: ban da siyasa,
ban da "tura wa mutum goma ka ga buɗi."
Ran Juma'a kowa ya nuna itacensa,
har wanda awaki suka yi wa aski.
Yanzu in ina ban ruwa, waya na rataye a reshe,
baƙo ya tambayi zurfin rami,
kafin in goge laka a hannu
Goggo Yelwa ta amsa, ta haɗa masa da faɗa.
Ishaya ya ce ba haka ba ne.
Ni dai in ci gaba da zubawa.

Sa'adu ya leƙa jiya, ya ce, "Shekara uku,
ɗari uku kacal da 'yan kai?"
Na miƙa masa hoton da Talatuwa ta turo da hantsi:
jikanta zaune da kwanon kunu
ƙarƙashin mangwaron nan na biyu.
Faɗinta bai kai tabarma ba tukuna.
Na ce, kai da ka iya lissafi,
ƙirga mini wannan inuwa.