Takarda Marar Gaɓa

A shagon Bawa, bayan tashar Yelwa,
nake buga abin da Kawu Manu ya faɗa
kan shekarar da ruwa ya ci gonarsa.
Bakinsa bai san gefen takarda ba.
Kwamfuta kuwa sai yanka shi take:
kwalekwale a shafi na uku,
mai tuƙi a na huɗu,
farin fili tsakaninsu kamar yashi.

Na lalubo inda ake cire shafi.
Na danna.
Katangu suka zube.
Magana ta miƙe tun daga sama
tana gangarowa ƙarƙashin yatsana
kamar Kwara a watan tara.
Har jadawalin buhunan shinkafar da aka rasa
ya sami wurin miƙe ƙafa.

Na ja, na ja, data na ƙonewa.

Bawa ya leƙo: "Shafi nawa? Hamsin-hamsin ne."
Na ce ban sani ba.
Ya ce injinsa ba ya shan kogi
sai an ɗebo masa a moɗa.

Na mayar da katangun.
Goma sha ɗaya.
Kawu ya karɓa, ya ɗora yatsa a gindin na uku:
"Nan wa ya ce na yi shiru?"