Haruffa Uku

Na ciro littafin daga layin sama
a laburaren Samaru, inda fanka ke tari.
Labarai ne na Meziko, ƙasar da ban taɓa takawa ba,
sun sha ruwan teku kafin isowa.

Malam ya ce, ku lura da matan ciki.
Na lura. Biyu ne kacal, ko da sunaye sun kai ɗari.
Ɗaya ta yafa baƙi, tana murza masara tun asuba,
gwiwoyinta sun yi kanta gaban kyandir: ita ce uwa.
Ɗayar na tsaye ƙarƙashin jar fitila,
marubuci ya ba ta dariya, ya hana ta goyo,
in shafuka sun kusa ƙarewa sai ya kashe ta da ciwon ƙirji
don mai karatu ya sami wurin sauke hawaye: karuwa.

Tsakaninsu ya gina katanga
da ta fi ganuwar Ƙofar Doka kauri.

Na rufe. Na shiga bas ɗin Kwangila.
A bayan takardar jarrabawa na rubuta kalmar,
na ɗora babban yatsa kan haruffa ukun farko.
Abin da ya rage ya dube ni.

Tabawa sunanta.
Ɗaki na bakwai, gidan Magajiya Iyani,
bayan tashar jirgi a Sabon Gari,
inda bango ke rawa in jirgin kaya na wucewa.
Labule mai zanen tsuntsaye ya raba gadonta da tabarmata.
In an yi gyaran murya a ƙofa
sai ta ce, Lantana, je ki sayo ashana,
alhali kwali uku na bisa taga.
A nan na koyi tafiyar hawainiya,
na haddace kowace kwata daga gida zuwa shagon Ɗanjuma,
na san yawan fitilun da suka mutu a layin.
Ban taɓa saurin dawowa ba.

Da safe ita ce dai, ba wata ba,
ke tsefe mini kai, haƙoranta riƙe da zare,
ta karɓi littafina, wani sa'in a juye,
ta ce, gyara nan, rubutunki na gudu kamar an biyo shi.
Kuɗin makaranta daga bakin zane suke fitowa,
suna warin man gas da gumin direbobi.
Hedimasta bai taɓa shinshinawa ba.

Shekarar da ƙyanda ta kama ni
kwana tara ƙofarmu na kulle.
Aka yi ta ƙwanƙwasa, aka gaji.
Magajiya ta yi kamar ta manta lissafin haya,
Delu ta ɗaki na uku ta riƙa miƙo kunu ta taga.
Wane shafi ne zai ɗauki wannan?
A wane gefen katangar za a ajiye kwanon kunun?

Ba ta mutu don ta koya wa kowa darasi ba.
Ta tsufa, ta soya ƙosai gindin gada shekara sha ɗaya,
ta yi faɗa da masu haraji, ta ci bashin adashi,
hawan jini ya ɗauke ta a Shika wata Laraba.
Maza shida suka bi gawa.
Matan layin ne suka cika tsakar gida, suka sauke tukunya.

Jibi Malam zai tambaya:
kawo siffofin uwa, kawo na karuwa, ka bambanta.
Maki ashirin.
Zan ja layi tsakiyar takarda yadda ake so,
don ina son in fita da sakamako,
ita ma haka za ta so.
Amma layin da fensir zan ja shi,
siriri, kamar labulen nan
da nake jin numfashinta ta bayansa
har barci ya yi gaba da ni.