Mai Buɗe Ƙyaure

Ni ne Mutari, mai gadin sito a bayan Kasuwar Dole,
shekara goma sha ɗaya kan benci guda.
Fitila, gora, butar shayi, da wayar da fuskarta ta tsage,
su ne abokan hirata in an raba dare.

Yaran fada suna gardamar jarumansu:
wane ya iya kuka, wane ya iya ɗaura agogo,
wane in ya juya ido 'yan matan Zengo ba su cin tuwo.
Suka ce, Baba Mutari, kai wa kake so?
Na ce Barmo Tsakuwa.
Aka yi tsit, sannan Lawali ya ƙware da shayi don dariya,
wai wannan da ba ya komai sai buɗe ƙyaure?

E, shi.
Sunansa can ƙasa yake zuwa, bayan na masu dafa abinci,
lokacin da kowa ya miƙe yana kakkaɓe wando.
Ni nakan jira, in tsai da hoton da babban yatsa.
Fassuma ce ta kawo mini harufansa daga lakwal,
yanzu ko cikin dubu aka zuba su, zan ware.

Ku dubi yadda yake tashi in mota ta danna oda.
Ba zumbur ba, irin na waɗanda ba su taɓa kwana waje ba.
Hannu kan gwiwa tukuna,
ya lalubi takalmi da ƙafa, bai dubi ƙasa ba,
ya ce sannu da zuwa ga gilashin da ba a sauke ba.
Wa ya gaya masa wannan?
Wa ya gaya masa gwiwar hagu ce ke fara ƙin mutum
in sanyin asuba ya gangaro daga duwatsun Birni ya shiga zaure?

Akwai fim ɗin da kuɗin maigida suka ɓata,
aka tara ma'aikata a tsakar gida.
Kalma huɗu kacal aka ba shi: "Ban ɗauka ba, Alhaji."
Amma kafin ya faɗe su sai ya cire hula,
ya leƙa cikinta kamar amsar tana can,
ya mayar, a karkace.
Na kashe wayar. Na zagaya sito sau uku.
Shekarar da buhun shinkafa biyu suka yi ƙafa a nan,
haka na tsaya gaban Alhaji Nomau,
haka hular ta karkace, haka harshe ya ɗaure.

Barira ta ce, jaka guda kake ba mai tura fim duk Alhamis,
jarka nawa ke nan wajen ga-ruwa?
Gaskiyarta. Famfonmu kwana tara ko tari bai yi ba.
Amma rannan na farka da azahar na gan ta, waya a cinya,
tana ce masa, bawan Allah, zauna mana ka huta.
Ƙaurin tuwo ya cika gida, ita da shi suna tare.

Ban san garinsu ba. Wasu sun ce Kano, wasu Maraɗi.
Wani direban kamiyo ya rantse ya gan shi yana sayen kilishi a tasha,
wai da babbar riga, wai har da mai riƙe masa jaka.
Allah ya sa gaskiya ne.
Allah ya sa yana da ƙofa tasa, da mai tashi ya buɗe masa.
Na san shi yana sauke gilashi,
ya tambayi iyali, ya tambayi gwiwa, kafin gaisuwa ta ƙare.

Ba na roƙon hoto da shi, ba na neman lambarsa.
In Allah ya kawo shi Damagaram,
ya biyo ta bayan Dole bayan isha'i,
zan matsa masa a benci, in zuba masa na farko, mai ɗaci.
Ba sai mun yi magana ba.
In mota ta danna oda
zan dafa gwiwa in ce, zauna, Barmo, yau kai ne ɗan kallo,
ni zan buɗe ƙyaure.