Naman Asabar

Ran da sunan Tsahara ya fito a takarda,
ta ci bak a karo na uku, bayan kuka biyu,
Inna ta kwance bakin zane a tsakar gida,
ta ƙirga jika goma sha biyar a tafin hannuna.
"Ilu, kai ke da babur, kai ke da baki,
nemo mana inda za mu ci nama ran Asabar,
mu ashirin da uku, har da masu rarrafe."

Ban kai zaure ba shawara ta tare ni.
Kawu Lawali ya ce sai Kalla na bakin tasha,
inda direbobin Ƙwanni ke lashe yatsu.
Gwaggo Habsu ta ce tir, hayaƙin mota ne yajinsa,
a je Ali Ɗan Sofo, can akwai kujeru.
Yara na ihun kaji da burodi.
Kaka Gwamma, mai haƙora huɗu,
ta ce ita dai a tuna da ita.

Na shiga gari bayan magariba.
Kalla ya miƙo ɗanɗano a tsinin wuƙa,
kunya ta sa na sayi na dala ɗari.
A Ali Ɗan Sofo fanka na juyi, ana kallon ƙwallo,
yanka shida a faranti, jika biyu;
na ƙirga mu, na ƙirga aljihu, na sha ruwa na tashi.
Arzika na Sabon Gari, yajinsa ba na biyu,
ƙuli da citta har cikin hanci,
amma saniyarsa ta ga jikokinta kafin ta zo wuta:
loma ɗaya na tauna daga rumfarsa har shataletale.

Kwana uku ina wannan hidima.
Sha biyar ta koma sha biyu da rabi.
Tsahara ta dubi maiƙo a gaban rigata,
ta ce, "Yaya, bak ɗin tawa ce kake ci da kaɗan-kaɗan?"

Dare na huɗu mai ya ƙare mini a Ɗan Gulbi.
Ina turin babur, ƙamshi ya riƙe ni a wuya.
Ƙarƙashin bedi, ba allo, ba fitilar kirki,
rabin ganga, garwashi mai haƙuri,
naman jar akuya kwance cikin takardar siminti
yana nuna a hankali da ruwan jikinsa.
Tsohon ya daɗe yana kallona.
"Kai ɗan Ma'azu ne, mai gyaran rediyo.
Tafiyarku ɗaya.
Duk ƙarshen wata yakan zo, na dala arba'in,
ya ce a yanka ƙanana don ya isa kowa.
Ban taɓa ganin ya kai loma baki a nan ba."

Sai na tuna hannun da ke tashe mu daga barci,
da takarda mai ɗumi, da albasa,
da yadda yakan ce shi ya riga ya ci a hanya.

Ban yi ciniki ba.

Ran Asabar muka zo da tabarmi a ka.
Kawu Lawali ya yi mitar rashin kujera
da baki cike, ya kuma fi kowa miƙa hannu.
Kaka Gwamma ta murje tsoka da dasashi,
ta nemi ƙari.
Tsahara ta buɗe takarda, ta tsaya,
ta kai hanci, ba ta ce komai ba.
Inna ta juya fuska wajen gulbi,
ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Jika biyu da rabin nan kuwa,
har yau ba wanda ya tambaye ni,
in ban da Gwaggo Habsu.