Auduga a Gezar Tamal

Kwana huɗu Tamal bai taɓa tana ba.
Aksolotil ɗin Nayeli ne, amma ni ke hana ido barci.
Gezar wuyansa ta kwanta,
wani fari-fari ya tsiro mata kamar auduga.

Don Eusebio, mai kwalekwale a Xochimilco,
ya tsoma yatsa: "Ruwan ya yi ɗumi.
Sanyaya shi. Wanka kuma da baƙin shayi."

Na dafa, na bari ya huce,
na jera kwalaben ƙanƙara.

Shi dai murmushin nan,
ciwo da lafiya fuska ɗaya.
Ta ina zan gane?

Asubar Talata ya cafke tanar
har da yatsana.
Ban tayar da Nayeli ba tukuna.