Baƙon Ƙarfe Biyu

Ƙarfe biyun dare a Samaru,
janareto na tari, shayina ya huce.
A fuskar kwamfuta wani baƙo
yana taɓa ƙofar ofishinmu
ba sallama.

Ya gwada ɗaya-biyu-uku.
Ya gwada Zazzau.
Ya gwada sunan matar akanta,
ya liƙa shekarar aurensu.
Gabana ya faɗi:
bara war haka, da ya shige.

Ni na tsaya kan Malam Ɗanjuma
har ya canza, yana mita
wai kalmar sirrin ta fi layin mai a Kwangila tsawo.

Kuskure uku, ƙofa ta kulle kanta.
Ya sake salo, ya dawo.
Inji ne, bai san gyangyaɗi ba.
Ni kuwa mutum ce.
Na sake ɗora ruwan shayi,
assalatu da saura.